Talla da Halin Mai Saye a Tarihin Inshorar Lafiya ta Al'umma

1.0 Gabatarwa

A cikin shekara ta 1962 Ministan Lafiya na Tarayyar Nijeriya, Dokta Moses Majekodunmi, ya kai wa majalisa shirin wata doka wadda za ta sa mazauna Ikko su riƙa zuba kuɗi tun suna lafiya lau, domin a yi musu magani ran da ciwo ya zo. Shirin bai sami shiga ba. Sai a 1999 aka kafa dokar inshorar lafiya ta ƙasa, aka fara aiki da ita a 2005. Da aka yi babban binciken lafiyar jama'a na ƙasa a 2018 kuwa, sai aka tarar kimanin mutum 97 cikin kowane 100 ba su da inshorar lafiya kowace iri. Fiye da kashi 70 cikin 100 na kuɗin da ake kashewa wajen neman lafiya a ƙasar daga aljihun majinyata da danginsu yake fita.

A tsakanin waɗannan shekaru an yi ta gwada wata dabara a Nijeriya da maƙwabtanta, watau inshorar lafiya ta al'umma. Abin nufi shi ne mutanen gari ɗaya ko gunduma ɗaya su kafa asusu, kowa ya zuba ƙayyadadden kuɗi a shekara, a ƙulla yarjejeniya da asibiti, duk wanda ya kwanta daga cikinsu asusu ya biya masa. Shigarta ganin dama ne. Tun da yake ganin dama ne, sai ta zama haja, manomi da mai ƙaramar sana'a suka zama masu saye, masu shirin kuma suka koma 'yan talla. Tambayar da ta dami masu bincike fiye da shekara 30 ita ce: don me haja mai amfani haka ta yi kwantai?

Amsar da aka fi saurin bayarwa ita ce jahilci, maganin da aka fi saurin rubutawa kuma shi ne wayar da kai. Wannan maƙala za ta bi tarihin shirin da na binciken da aka yi a kansa, domin ta nuna cewa shaidar da aka tara ba ta goyi bayan wannan amsa ba. Mai saye ya fahimci abin da ake tallata masa, lissafi ya yi, ya ga cinikin bai faɗa ba.

2.0 Taimakon juna a ƙasar Hausa

Masu tallar inshora a ƙasar Hausa sun saba cewa abin ba baƙo ba ne, adashi ne ya sake riga. Ya kamata a auna wannan magana da abin da aka sani game da hanyoyin taimakon juna na gargajiya.

Na farko akwai gayya, inda samari ko magidanta sukan taru su nome gonar mutum ko su ɗora masa jinka, shi kuma ya ciyar da su, ran da aka kira tasu gayyar ya je. Akwai adashi, wanda ya fi ƙarfi a tsakanin mata da 'yan kasuwa: kowa ya kai zubinsa wurin uwar adashi, a riƙa kwasa bi da bi har zagaye ya cika. Wadda lalura ta same ta takan roƙa a ba ta kwasa tun kafin layi ya zo kanta, amma a ƙarshe abin da kowa ya zuba shi zai ɗauka. Akwai kuma biki. A cikin tarihin rayuwar Baba ta Karo, wanda Mary Smith ta rubuta aka buga a 1954, an bayyana yadda ƙawaye suke kai wa juna gudummawa ranar suna ko aure, wadda aka kai wa ta riɓanya idan ta tashi ramawa, har kuɗin ya yi nauyi a sake komawa ƙasa. Zakka da sadaka su ne ba a jiran a rama, sai dai su ma mai bayarwa yana da abin da yake sa rai, watau lada.

Rance ma yana cikin wannan sahu. Daga 1988 zuwa 1989 wani masanin tattalin arziki, Christopher Udry, ya bi bashin da ke tsakanin gidaje a ƙauyuka 4 kusa da Zariya. Ya tarar kusan dukan rancen tsakanin dangi da maƙwabta ake yinsa, ba rubutu, ba jingina, ba a kuma yanka ranar biya. Abin da ya fi jan hankali shi ne yawan abin da ake biya yana bin halin da ɓangarorin biyu suka shiga. In ambaliya ko ƙwari ko ciwo suka sami wanda ya ci bashin, sai a sassauta masa, ya biya kaɗan ko ya jinkirta. In mai kuɗin ne masifa ta samu, sai a biya shi da wuri, har da ƙari. Watau bashi da kansa ya zama garkuwa, abin da ya sa haka ta yiwu kuwa shi ne kowa ya san halin da gonar ɗan'uwansa take ciki.

Haka nan a wajen neman magani. Wanda ya je wurin malami yakan ba da kafin alƙalami, wanda ya je wurin boka yakan ajiye ɗan abin da ya samu, ciko kuwa sai an ga sauƙi. Murray Last, wanda ya yi nazari a yankin Malumfashi, ya nuna a 1981 cewa majinyata suna zirga-zirga tsakanin boka da malami da asibiti, abin da ya dame su shi ne wane ne maganinsa ya ci.

Daga nan za a iya fitar da siffofi uku. Ana yin taimakon tsakanin waɗanda suka san juna ido da ido. Abin da aka bayar yana dawowa, ko kuɗi ko aiki ko lada. Biyan kuɗin magani kuma yana bin bayan aiki. Inshora ta saɓa wa dukan ukun: kuɗin yana tafiya hannun sakataren da ba lalle a san shi ba, wanda bai yi ciwo ba ba ya karɓar kome, sa'an nan biya yana riga ciwo zuwa. Saboda haka mai talla da ya ce inshora adashi ce ya ɗauki alkawarin da asusu ba zai cika ba.

3.0 Yadda kuɗin asibiti ya haifi inshorar al'umma

A zamanin En'e, da shekarun farko na mulkin kai, har zuwa lokacin da kuɗin man fetur ya yi yawa a shekarun 1970, jama'a sun san ɗakin shan magani da asibitin gwamnati a matsayin wurin da ake ba da magani kyauta ko da ɗan kuɗi kaɗan. Taron Alma-Ata na 1978 ya ƙarfafa wannan fata da taken lafiya ga kowa. Amma da farashin mai ya faɗi a farkon shekarun 1980, bashi ya danne ƙasashen Afirka, sai asibitoci suka bushe. Nijeriya ta shiga shirin tsuke bakin aljihu a 1986. A 1987 Bankin Duniya ya fitar da rahoto yana ba ƙasashe masu tasowa shawarar su riƙa karɓar kuɗi daga majinyata. A wannan shekara kuma ministocin lafiya na Afirka suka haɗu a Bamako tare da Hukumar Lafiya ta Duniya da Asusun Yara na Majalisar Ɗinkin Duniya, suka amince a riƙa sayar da magani a ƙananan asibitoci, a juya kuɗin a sayo wani, kwamitin mutanen gari yana sa ido.

Shirin Bamako ya dawo da magani a wurare da dama, sai dai ya dawo da shi da farashi. Ga manomi kuwa, lokacin da zazzaɓin cizon sauro ya fi kayar da yara shi ne tsakiyar damina, sa'ad da rumbu ya yi ƙasa, sabon hatsi bai nuna ba. Ranar biyan bukata rai ba a bakin kome yake ba, balle akuya ko gona. Domin a raba ranar biya da ranar ciwo ne aka ƙago asusun al'umma. Na farko-farkonsu sun tsiro ne a jikin asibitocin mishan: Bwamanda a ƙasar Zayar, watau Kwango ta yau, a 1986, da Fandène a yankin Thiès na Sanagal a 1989, da Nkoranza a Gana a 1992. A 1998 aka yi taro a Abijan inda gwamnatoci da masu ba da agaji suka ɗauki aniyar yaɗa irin waɗannan ƙungiyoyi a Afirka ta Yamma da ta Tsakiya.

Akwai wani abu da ya kamata a lura da shi a nan. Masu shirin sukan kafa hujja da tarihin Turai, inda ƙananan asusun ma'aikata suka girma har suka zama inshorar ƙasa. Amma dokar Jamus ta 1883, ta zamanin Bismarck, tilas ta sa wa ma'aikatan da ta shafa, daga albashi ake cire kuɗin, mai masana'anta kuma yana biyan sulusi. Manomin Afirka ba shi da albashin da za a cira, ba shi da ubangidan da zai cika masa. An ɗauko tsarin, an bar ginshiƙansa biyu a can, aka bar wa talla aikin tallafe ginin.

4.0 Abin da bincike ya gano game da mai saye

Kafin a kafa asusu akan aika masu tambaya gida gida, su ji ko mutane za su shiga, da nawa za su iya biya. Amsar takan yi daɗi ƙwarai. Ran da aka buɗe rajista sai a ga saɓanin haka. Wannan giɓi tsakanin faɗa da cikawa shi ne ya jawo hankalin masana.

Bayani na farko ya fito ne daga Jean-Philippe Platteau a 1997. Ya duba ƙungiyoyin agajin juna na masunta a gaɓar tekun Sanagal, ya ga waɗanda suka daɗe suna zubi ba su sami hatsari ba sukan ji an ci da guminsu, wasu ma in za su fita sai su nemi a mayar musu da abin da suka zuba. Ya kammala da cewa mutanen karkara sun fi sanin taimako irin na ramuwa, wanda lissafinsa ke daidaita a ƙarshe. Wannan ya yi daidai da abin da aka gani a adashi da biki.

Sai dai abin da ya faru a Gini ya nuna bayanin bai wadatar ba. A 1998 aka kafa asusun Maliando a yankin Kissidougou, kashi 8 cikin 100 na mutanen yankin suka shiga. A shekara ta biyu suka koma kashi 6. Bart Criel da Maria Pia Waelkens suka zauna da waɗanda suka shiga, da waɗanda suka fita, da waɗanda ba su taɓa shiga ba, suka buga sakamakon a 2003. Sun tarar mutanen sun fahimci tsarin sarai, sun san kuɗin wanda bai yi ciwo ba shi ake yi wa wani magani da shi, ba su kuma ƙi hakan ba. Abin da ya kore su shi ne aikin asibitin da aka haɗa su da shi: maganin da ake bayarwa bai gamsar da su ba, tarbar ma'aikata ma haka. Bayan wannan sai nauyin biya wa babban gida gaba ɗaya.

A gundumar Nouna ta Burkina Faso an yi gwajin da ya fi wannan tsari. Cibiyar binciken lafiya ta garin da Jami'ar Heidelberg suka fara shirin a 2004, suna shigar da ƙauyuka rukuni rukuni har shekara 3, domin a iya kwatanta waɗanda shirin ya isa da waɗanda bai isa ba. Kuɗin shekara sefa 1,500 ne ga babba, 500 ga yaro, gida kuma gaba ɗaya yake shiga. An yi yekuwa, an yi taruka, amma a waɗannan shekaru ko gida ɗaya cikin goma bai shiga ba. Daga cikin waɗanda suka shiga, kimanin kashi 31 cikin 100 ba su sabunta ba a 2005, a 2006 kuwa kimanin kashi 46. Dalilan da mutane suka bayar su ne rashin kuɗi a hannu lokacin rajista, da rashin gamsuwa da asibiti, da tunawa da wasu tarin kuɗin da aka yi a baya suka salwanta. A 2007 aka rage wa gidajen da suka fi talauci rabin kuɗin, sai shigarsu ta tashi daga kimanin kashi 1 zuwa kimanin kashi 11.

Nisa ma yana cikin lissafin. Robert Stock ya nuna a 1983, daga nazarin da ya yi a ƙasar Haɗeja, cewa zuwa asibiti yana raguwa ƙwarai da kowane kilomita da ya ƙaru tsakanin gida da asibiti. Katin inshora ba ya biyan kuɗin mota, ba ya kuma rama yinin noma da ya tafi a hanya. Ga na nesa, katin takarda ce kawai.

Daɗin daɗawa, asusun ganin dama yana da wata cuta a jikinsa. Waɗanda suka fi saurin shiga su ne masu ciwo a jika da mata masu ciki, masu ƙoshin lafiya kuwa sukan jira. Asusu ya cika da masu ɗauka, ya rasa masu zubi, sai ko dai a ƙara kuɗi ko a rage magani, kowanne kuma yana ƙara korar jama'a. Don haka ne ake sa sharaɗin shigar gida gaba ɗaya da na jiran watanni kafin a fara amfana, waɗannan sharuɗɗan kuwa su ne suke ƙara wa hajar tsada a idon mai saye.

5.0 Gwajin talla

Talla tsohuwar sana'a ce a ƙasar Hausa, tana kuma da ƙa'idojinta. Yarinya mai tallar ƙosai kayanta na kanta, ana gani ana saye. Ɗan magori a kasuwa yakan tara jama'a da zaƙin baki, amma ƙullin maganin a hannu yake miƙa shi. Inda ciniki ya zama na nesa ko na bashi, sai a nemi dillali ko maigida ya tsaya. Abner Cohen ya bayyana a 1969 yadda fataucin shanu da goro a Sabon Ibadan ya dogara ga masu gida waɗanda ke ɗaukar lamunin baƙi, in mai saye ya gudu su ne a ciki. Ba a cinikin biri a sama, sai fa in akwai wanda za a riƙe a ƙasa.

Tallar zamani ta shigo da jarida, musamman Gaskiya Ta Fi Kwabo daga 1939, da majigi, da gidan rediyon Kaduna daga 1962. Hukuma ta yi amfani da waɗannan kafofi wajen Yaƙi da Jahilci a shekarun 1950, daga nan kuma aka gaji kalmar wayar da kai, wadda ita kanta ta riga ta yanke hukunci cewa kan mai sauraro a duhu yake. A Amurka kuwa, Philip Kotler da Gerald Zaltman suka kawo shawara a 1971 cewa a yi amfani da dabarun 'yan kasuwa wajen yaɗa abin da zai amfani jama'a. Amma su da kansu sun ja kunne cewa yekuwa ɗaya ce daga abubuwa huɗu, sauran su ne kyawun hajar, da farashinta, da wurin samunta. Masu shirin lafiya da yawa sun riƙe yekuwar, domin ita ta fi araha.

A 2010 aka gwada ƙarfin yekuwa kai tsaye a birnin Thiès, inda ƙungiyoyin inshorar al'umma suka fi daɗewa a Sanagal. Jacopo Bonan da abokan aikinsa suka ɗauki gida 360. Wasu aka gayyace su darasi na musamman a kan ma'anar inshora da amfaninta, wasu ba a gayyace su ba. Sa'an nan aka raba wa wasu takardar rangwame mai ɗauke musu kuɗin shiga, wasu har da zubin watannin jira. Sakamakon da aka buga a 2017 ya nuna darasin bai ƙara yawan masu shiga ba, takardar rangwamen kuwa ta ƙara shi ƙwarai, musamman a gidajen talakawa.

Jihar Kwara ta ba da misali daga wani gefen. A 2007 aka fara shiri a Shonga, da haɗin gwiwar gwamnatin jiha da wani asusun agaji na ƙasar Holan da kamfanin Hygeia. Kafin a nemi kuɗin kowa sai da aka gyara asibitoci, aka kawo magani da kayan aiki, aka horar da ma'aikata. Abin da manomi ke biya a shekarun farko Naira 300 ne a shekara, wanda bai kai kashi ɗaya cikin goma na ainihin kuɗin ba, tallafi ne ke cike sauran. Jama'a sun shiga da yawa, bincike kuma ya nuna zuwa asibiti ya ƙaru, hawan jinin masu fama da shi ya sauka. Gani ya kori ji. Da kuɗin tallafi ya yanke, shirin ya tsaya a 2016.

Ƙasashen da suka kai ga yawancin jama'arsu sun bar dogara ga ganin dama. Ruwanda ta fara gwaji a gundumomi 3 a 1999, ta mayar da shiga tilas da dokar 2007, ta ɗora wa shugabannin gundumomi alhakin shigar da mutanensu, ta kuma biya wa matalauta da kuɗin gwamnati da na agaji. A 2010 fiye da kashi 90 cikin 100 suna ciki, ko da yake adadin ya sauko bayan an ƙara kuɗin zubi a 2011. Gana ta kafa inshorar ƙasa da dokar 2003, ta ɗora ta a kan harajin kashi biyu da rabi cikin 100 na cinikin kaya. Jamhuriyar Nijar ta bi wata hanya a 2006, ta ɗauke wa yara 'yan ƙasa da shekara 5 kuɗin magani, amma jinkirin biyan asibitoci haƙƙinsu ya sa magani ya riƙa yankewa.

Akwai kuma inda yawan talla yake jawo zargi. Sa'ad da aka dakatar da rigakafin shan inna a Kano daga 2003 zuwa 2004, da shekarun da suka biyo baya, Elisha Renne ta ji iyaye a Zariya suna tambayar dalilin da ya sa ake binsu har gida da ɗigon da ba su nema ba, alhali maganin zazzaɓi da na ƙyanda sai sun saya. Mai saye yana auna naci da abin da ya gani a asibiti, in suka saɓa sai ya ɗauka akwai lauje cikin naɗi.

6.0 Inshora, takaful da taimakekeniya

Ga mai nazarin harshe, sunan hajar yana da nasa tarihi. Kalmar inshora aro ce daga Ingilishi, ta kuma shigo bakin jama'a ta hanyar mota, domin dokar 1945 ta wajabta wa masu mota yin ta. Abin da direba ya sani game da ita shi ne takarda ce da ake yanka don a nuna wa 'yan sanda a hanya, ba wanda yake sa ran za ta biya shi. Da wannan kaya a kanta kalmar ta iso fagen lafiya.

Sa'an nan akwai hukuncin shari'a. A 1985 Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi, a zamanta na Jidda, ta haramta inshorar kasuwanci saboda rashin tabbas da ke cikin yarjejeniyarta, ta halatta ta taimakon juna wadda aka gina a kan kyauta. Tun 1979 an kafa kamfanin inshorar Musulunci na farko a Sudan. A Nijeriya hukumar kula da inshora ta fitar da ƙa'idojin takaful a 2013. A tsarin takaful abin da mutum ya zuba sadaukarwa ce ga asusun 'yan'uwa, in kuma an sami rara a ƙarshen shekara ana iya raba ta ga masu zubi. Wannan ya amsa ƙorafin masuntan da Platteau ya ji, ya kuma dace da siffa ta biyu ta taimakon gargajiya, domin wanda bai yi ciwo ba yana da lada, wata shekarar har da rara.

Da jihohin Arewa suka tashi kafa hukumominsu, Kano a 2016, Kaduna da Katsina a 2018, sun kauce wa kalmar inshora a sunayen hukumomin, kafofin watsa labarai na Hausa kuma suka riƙa kiran shirin taimakekeniyar lafiya. Kalmar ta samo asali daga taimako, siffarta tana nuna aikin da ake yi wa juna, irin su gaishe-gaishe da ziyarce-ziyarce a ma'ana, ko da yake ginin ya bambanta. Zaɓi ne mai hikima, ya kuma kawar da wani shinge na gaske. Amma ya kamata a tuna cewa shirin Kano da ma'aikatan gwamnati ya fara, waɗanda ake cire musu daga albashi. Ga manomi da mai shago, suna mai kyau yakan kai mutum teburin rajista sau ɗaya. Abin da zai komar da shi a shekara ta biyu shi ne abin da matarsa ta tarar a asibiti ran da ta kai yaro da dare.

7.0 Kammalawa

A watan Mayu na 2022 aka sa hannu a kan sabuwar dokar inshorar lafiya ta Nijeriya, wadda ta wajabta shiga a kan kowa, ta kuma tanadi asusu domin marasa ƙarfi, waɗanda gwamnati ta ƙiyasta sun kai miliyan 83. Wannan doka ta zo shekara 60 cif bayan shirin Majekodunmi, ta kuma koma ga ginshiƙan nan biyu da aka bari a baya, watau tilas da tallafi.

Tarihin da aka bi a wannan maƙala ya nuna abu huɗu ne suke motsa mai saye: farashin da ya yi daidai da aljihunsa, da karɓar kuɗi a lokacin kaka sa'ad da yake da shi, da asibiti na kusa mai magani da tarba ta mutunci, da kuma wani sananne wanda za a riƙe in kuɗi ya salwanta. Inda waɗannan suka haɗu, ƙaramar sanarwa ta isa. Inda suka ɓace, an yi darasi an yi yekuwa, rajista ba ta cika ba. Tilas ma ba za ta sauya wannan lissafi ba, domin wanda aka cire wa kuɗi ya je ya tarar babu magani zai ɗauki abin a matsayin wani sabon haraji.

Malaman Hausa da ɗalibansu suna da rabo a wannan aiki, tun da su ake kira su fassara sanarwa, su tsara wasan kwaikwayon rediyo, su zaɓi kalma. Amanar da ke kansu ita ce kada su kira inshora adashi alhali ba a kwasa, kada kuma su sa wa ƙin saye sunan jahilci. Kalmomin zubi da gudummawa da lamuni da sadaka kowace tana ɗauke da alkawarin da Bahaushe ya sani, wanda kuma zai nemi a cika masa ran da ya miƙa katinsa ga malamin asibiti.